Koriyar kaguwa a tankin murjani: aikinta na kyau, amma cikinta ba ya hutu

Duk mai tankin kiwon kifi da murjani (halittar teku mai rai da ke manne a dutse) na ruwan gishiri da ya yi fama da gansakukar nan mai kama da ƙananan ƙwallaye kore, wadda masana ke kira Valonia, ya san ciwon kanta. Tana tsirowa a ƙarƙashin dutse da cikin ramukan da yatsa ba ya shiga, kuma ka cire ta yau, nan da ɗan lokaci ta dawo. Wannan ne ya sa na sayi koriyar kaguwa, Mithraculus sculptus, wadda asalinta tekun Karibiyan ne da gaɓar Florida. Ba babba ba ce, bayanta bai fi santimita 4 ba idan ta girma, kuma bakin hannayenta a faɗaɗe yake kamar cokali, wanda da shi take kankare dutse.

Ta fannin aikin da na saye ta dominsa, ba ni da ƙorafi. Da rana da wuya ka gan ta, tana maƙale cikin rami. Sai an kashe fitila take fitowa, ta bi dutse tana tsinke gansakukar. Ƙananan ƙwallayen ta fi so. Manyan da suka riƙa ta bar mini su, na cire da hannu. Ta kuma rage gansakuka mai gashi da ke gefen famfo.

Inda maganar take shi ne bayan gansakukar ta ƙare. Masu sayarwa kan ce ganye kawai take ci, amma ba haka ba ne, komai take ci. Da yunwa ta kama ta sai na fara ganinta a kan ƙananan murjani masu laushi tana tsakurarsu, su kuma suna rufewa. Ba mugunta ba ce, abinci take nema. Maganin da ya yi mini aiki shi ne ciyar da ita kai tsaye da daddare: ɗan yankin busasshen ganyen teku na nori a ɗaure jikin dutse, wani lokaci ɗan guntun jatan lande ko abincin kifi mai nutsewa, a miƙa mata da dogon hantsaki. Idan aka watsa abincin cikin ruwa kawai, kifi ne za su wawushe kafin ta iso. Tun da na kama wannan tsari ta ƙyale murjanin. Sai dai a rage hannu, domin abincin da ya rage yana ruɓewa ya ƙara gurɓata ruwa, shi ne kuma takin gansakukar da aka kawo ta ta kashe.

Zamanta da kifi lafiya lau. Ina da kifayen nan biyu masu ruwan lemo da farar ɗamara, Amphiprion ocellaris, da wani ƙaramin kifi da ake kira gobi mai zama a yashi. Idan sun matso takan ɗaga hannu ta kore su, iyakarta ke nan. Amma babban namiji mai yunwa na iya cafke ƙaramin kifi da ke barci a rami, shi ya sa na zaɓi mace. Gane su ba wuya: a juya ta, mace faifan cikinta mai faɗi ne, na namiji siriri, kuma hannayensa sun fi girma. A ɗaya ɓangaren, kifin da ke kumbura da danginsa masu ƙaƙƙarfan haƙori, kaguwa abincinsu ce, kada ma a gwada haɗa su.

Wani abu da kan tayar da hankalin sabon mai kiwo shi ne saɓa. Za ka wayi gari ka ga kaguwa kwance ba motsi, alhali tsohon kwansonta ne, ita tana ɓoye har sabon ya yi ƙarfi. A wannan lokacin take da rauni, don haka tana bukatar duwatsu masu ramuka. Maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe kuwa kashe ta yake yi, ita da murjanin baki ɗaya. Ruwana ina riƙe shi a gishiri 1.025 (nauyin ruwan idan aka gwada shi da ruwan da ba gishiri) da zafi tsakanin digiri 24 zuwa 26 na ma'aunin Celsius, abin da a lokacin bazara ba ya yiwuwa sai da na'urar sanyaya ruwa da batirin ko-ta-kwana.

Ga tanki matsakaici guda ɗaya ta isa, biyu kan yi faɗa a kan rami da abinci. Zan sake sayenta idan bukata ta taso, mace kuma ƙarama. Wanda ba zai iya tsayawa ya ciyar da ita da dare ba, dodon koɗi ya fi dacewa da tankinsa, ko da yake shi ba ya taɓa Valonia.