Gwajin HPV da na ɗauka da hannuna, sai da na maimaita

Shekara uku ina gudun gwajin kansar bakin mahaifa, kuma ba wai ban san amfaninsa ba ne, ita ce ta yi ajalin yayar mahaifiyata, sai da jini ya ƙi tsayawa aka kai ta asibiti, lokacin an makara. Abin da ke hana ni zuwa gadon nan ne da ƙarfen da ake buɗe mace da shi. To da maƙwabciyata ta ce yanzu a wani asibiti nan garinmu ana ba mace kayan gwajin HPV, wato ƙwayar cutar da ke jawo wannan kansar, ta shiga banɗaki ta ɗauka da kanta, washegari na shirya.

Kayan ba wani abin tsoro, dogon tsinke ne mai auduga a baki da 'yar kwalbar roba. Ki wanke hannu, ki sa a gabanki, ki juya kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, ki mayar cikin kwalba ki rufe, ba sai ya taɓa bakin mahaifa ba. Babu zafi ko kaɗan. Na ce Sista, anya abin da na ɗauka da hannuna zai kai wanda likita ya ɗauka? Ta ce Hajiya, in dai na'urar PCR ce a lab, wato mai gano ƙwayar halittar cutar, kusan ɗaya suke, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta amince da shi, daga shekara 30 ake farawa, masu HIV daga 25. Na fito da murnata wallahi.

Sai kuma jira. An ce min sati biyu, an rubuta lambata, sai da aka yi sati biyar babu wanda ya kira, na je sau uku da kuɗin adaidaitana ana cewa bai dawo ba. Ranar da ya dawo, wadda ke kan tebur ko kaina ba ta kalla ba, ta ɗaga murya a gaban layin mata ta ce naki bai karantu ba sai kin sake. Shi ke nan bayanin. Gabana ya faɗi, na ɗauka wani mugun abu suka gani suke ɓoye min, daren nan ban runtsa ba, da safe na samu maƙwabciyata na ce mata wannan gwajin ɓata lokaci ne kawai.

Da na koma wata nas ce daban, dattijuwa, Allah ya saka mata da alheri. Ta zaunar da ni ta ce na'urar tana fara duba ko akwai isassun ƙwayoyin jikin mutum a audugar, in ba ta samu ba ba za ta ce lafiyarki lau ba, sai ta ƙi ba da sakamako. Nan na tuna, ranar jinin al'ada bai gama ɗauke min ba, kuma don tsoro a baki-baki na tsaya, ko juyawar kirki ban yi ba. Wannan bayanin ya canza min ra'ayi gaba ɗaya, abin da zai ƙi yi min ƙarya ai abin amincewa ne. Amma fa ranar farko babu wadda ta tambaye ni zancen al'ada.

Na biyun ya nuna ina da HPV, amma ba nau'i mai lamba 16 ko 18 ba, waɗanda ta ce su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan kansar. Ta ce samun ƙwayar ba shi ne kamuwa da kansar ba, yawancin mata jikinsu ke korar ta. Duk da haka gadon da nake gudu sai da na hau, aka shafa ruwan binega aka duba, alhamdulillahi ba a ga komai ba, ta rubuta min ranar dawowa a kati. Wannan ma da an faɗa min tun farko da na shirya zuciyata.

Gwajin kam na yarda da shi, har ƙanwata na raka satin jiya, na ce ta jira jininta ya ɗauke kuma kar ta yi sauri. An rubuta lambarta a wannan littafin dai, yau kwana tara, na ce mata kar ta zauna jiran waya, ranar Litinin za mu je da ƙafarmu.