Awa uku tare da beluga a bakin Kogin Churchill: shin yawon ya biya kuɗinsa?

A makon ƙarshe na watan Yuli na biya kuɗin fita kallon beluga, wato farar dabbar teku ta dangin kifin wel, tare da ɗaya daga cikin ƙananan kamfanonin da ke wannan sana'a a garin Churchill, can arewacin lardin Manitoba na ƙasar Kanada, kuma ina so in bayyana wa mai niyyar zuwa abin da zai tarar. Babu hanyar mota da ta haɗa garin da sauran ƙasar. Ko dai mutum ya shiga jirgin sama daga Winnipeg, ko ya hau jirgin ƙasa ya kwana biyu a hanya, kafin ya sauka a garin da mazaunansa ba su kai 1,000 ba. Duk wanda ya sha wannan doguwar tafiya yana da haƙƙin ya tambaya ko awa uku a kan ruwa za su biya shi wahalarsa. Ni dai sun biya ni, kuma abin da ya biya ni ɗin ta kunne ya shigo fiye da ta ido.

Lokacin tashi yana bin cikowar ruwan teku da janyewarsa, don haka yakan canja daga rana zuwa rana, kuma kamfanin ya yi mana wannan bayani tun lokacin yin rajista, abin da na yaba. A bakin ruwa aka ba kowa rigar kariya, aka jera mu a gefe biyu na wani kwale-kwalen roba mai inji, jagorar tafiyar ta gargaɗe mu cewa kada kowa ya tsoma hannu a ruwa komai kusantowar dabbar.

Ba mu yi minti goma da tashi ba muka fara hango su. Da farko mutum zai ɗauka kumfar igiyar ruwa ce, sai ya ga wani farin abu ya taso kamar ƙwaryar da aka kife, ya ji hucin numfashi mai ƙarfi, sannan abin ya nutse a hankali. Ana lissafa beluga cikin dangin manyan dabbobin tekun da muke kira kifin wel, amma ita dabba ce mai shaƙar iska da huhu, mai haihuwa, mai shayar da nono, kuma 'yar'uwarta mafi kusa ita ce nawal mai dogon haure ɗaya. Sunan nata daga kalmar Rashanci mai ma'anar fari ya samo asali. Babban namiji yakan kai tsawon mita 5 da nauyin kusan kilo 1,500, kitsen da ke ƙarƙashin fatarsa kuma yakan kai kaurin santimita 15. Ba ta da fiffiken baya irin na dolfin, sai wani tudu mai tauri a gadon bayanta, wanda ke ba ta damar ratsawa ƙarƙashin ƙanƙara ba tare da ta maƙale ba, har ma ta fasa mai laushi idan tana neman wurin numfashi.

Abin da ba zan manta ba shi ne wata uwa da ta biyo gefen kwale-kwalenmu, ɗanta mai launin toka yana manne da kwiɓinta, suna tasowa tare suna nutsewa tare kamar an ɗaure su da igiya. Da launin toka mai duhu ake haihuwar 'ya'yan beluga, bayan ciki na wata 14 zuwa 15, sai su yi ta haske sannu a hankali har su zama farare bayan shekaru da dama. Da uwar ta zo daidai inda nake zaune, sai ta juyo da kanta ta dube ni da ɗan ƙaramin baƙin idonta. Yawancin 'yan danginta ba za su iya yin haka ba, domin ƙasusuwan wuyansu a haɗe suke, na beluga kuwa a rarrabe suke, shi ya sa take waiwaye da gyaɗa kai. Duk karatun da na yi a kan wannan kafin in zo bai hana gabana faɗuwa ba a lokacin.

A nan ne darajar kamfanin ta fito fili. Tun shekarar 2018 dokar Kanada ta hana jiragen ruwa kusantar beluga fiye da tazarar mita 50 a wannan yanki daga 1 ga Yuni zuwa 31 ga Oktoba, ta kuma hana shiga ruwa a yi iyo da su, alhali a da wasu baƙi don haka kawai suke zuwa. Matuƙinmu ya kiyaye wannan doka ba tare da kwana-kwana ba. Da ya hango ayarinsu sai ya rage gudu tun daga nesa, ya kashe injin, ya bar ruwa ya yi ta lilo da mu. Beluga dabba ce mai son ganin ƙwaƙwaf, saboda haka su da kansu suka tako tazarar, wasu suna wucewa ta ƙarƙashinmu suna juyo da fararen cikkunansu sama, wasu suna sunsunar bayan kwale-kwalen. Wani daga cikin fasinjoji ya roƙi matuƙin ya bi wani babban ayari da muka hango can gaba, shi kuwa ya ƙi cikin ladabi, ya ce akwai jarirai a cikinsu.

Bayan an yi tsit sai jagorar ta zura makirufon ruwa da igiya, ta kunna lasifika. Ruwan da muke gani shiru ashe cike yake da hayaniya: ga fito mai hawa da sauka, ga wani ƙara kamar na ƙyauren da ya yi tsatsa, ga ƙyas-ƙyas mai sauri kamar ana jan tsinke a kan haƙoran mataji, ga kuma wani abu mai kama da kukan tsuntsaye da asuba. Matuƙan jiragen ruwa na da, waɗanda suke jin wannan sauti ta jikin katakon jiragensu, su suka raɗa mata suna kanarin teku. Ba ta da igiyar murya irin tamu. Da iskar da take motsawa a cikin hanyoyin hancinta take yin sautin, sannan ta tura shi gaba ta wannan ƙullutun kitse da ke goshinta, wanda muka ga yana lotsawa yana kumbura yayin da wata ta ɗago kai kusa da mu. Idan sautin ya daki wani abu ya dawo, da shi take gane inda kifi yake, da girmansa, da inda ƙanƙara ta buɗe, ko da a cikin duhun hunturu ne. Uwa da ɗanta ma suna da kiran da suke neman juna da shi, kuma muryar jariri ba ta kaiwa nesa. Wanda ya saurari wannan na minti ashirin zai fahimci dalilin kashe inji ba sai an yi masa dogon bayani ba, domin dabbar da take rayuwa da ji, rugugin inji a wurinta tamkar hazo ne mai rufe ido.

Jagorar ta yi kyakkyawan bayani a kan abin da ke kawo su wurin. Idan ƙanƙarar tekun Hudson ta narke, dubbansu sukan shigo bakin kogin, inda ruwan ya fi ɗumi kuma ba shi da zurfi, su yi renon jarirai, su kuma yi saɓar fata ta shekara. Sukan goga jikinsu da tsakuwar ƙasan kogi har tsohuwar fatar da ta yi rawaya ta saɓule, mun kuwa ga wasu da ba su gama ba, launinsu kamar na tsohon hauren giwa. Garken yammacin tekun Hudson ya haura 50,000, yana cikin mafi girma a duniya.

Sai dai akwai abubuwan da ban gamsu da su ba. An cika kwale-kwalen har mutum ba ya iya juyawa sai ya taka na kusa da shi, lasifikar kuma ƙarama ce, waɗanda ke zaune a baya ba su ji sosai ba sai da aka miƙa musu ita. An kuma haɗa yawon da ziyarar tsohon sansanin dutse mai suna Prince of Wales, wanda Kamfanin Hudson Bay ya fara ginawa a 1731, aka miƙa shi ga Faransawa a 1782. Wurin ya cancanci gani, amma an yi mana shi a gaggauce, mai gadi riƙe da bindiga yana dube-dube saboda fararen beyar, kuma lokacin da ya ci daga lokacin zama a kan ruwa aka cire shi.

Abin da ya fi damuna shi ne amsar da aka ba wata mata da ta tambaya ko beluga na cikin haɗari. An ce mata suna nan lafiya lau, aka wuce. Gaskiya ne cewa a 2017 IUCN, ƙungiyar duniya mai fafutukar kare halittu, ta sanya jinsin gaba ɗaya a rukunin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, amma beluga garke-garke suke rayuwa, kowane garke yana komawa kogin da iyayensa mata suka saba, kuma idan ɗaya ya ƙare ba lalle wani ya zo ya maye gurbinsa ba. Garken mashigin Cook a Alaska ya kai kimanin 1,300 a 1979, yanzu bai wuce ɗari uku da 'yan kai ba, duk da cewa Amurka ta sanya shi cikin masu fuskantar ƙarewa tun 2008. A Kogin Saint Lawrence, gwamnatin lardin Kwibek na Kanada ta taɓa biyan lada ga duk wanda ya kashe beluga a shekarun 1930, bisa zargin suna cinye kifin masunta, kuma ko da yake an hana farautarsu a 1979, gurɓatar ruwa da ƙarar manyan jirage sun hana garken komawa yadda yake. A Churchill ɗin ma an yi farautarsu don kasuwanci kafin Kanada ta haramta irin wannan farauta a 1972. Yau kuma lokacin ƙanƙara yana gajarcewa a tekun Hudson, abin da ya buɗe wa oka, wani kifin wel mai launin baƙi da fari kuma babban mai farautar beluga, hanyar da a da take toshe, ya kuma ƙara kwaɗayin faɗaɗa zirga-zirgar jirage a tashar ruwan garin, wadda muke hango rumbunan hatsinta daga inda muke shawagi. Baƙon da ya biya kuɗi ya zo daga nesa ya cancanci a gaya masa wannan, ko da cikin minti biyar ne.

Na yi rajistar fita ta biyu, amma iska mai ƙarfi ta sa aka soke ta, aka kuma mayar mini da kuɗina a ranar ba tare da ja-in-ja ba. Saboda haka mai zuwa ya ware aƙalla kwana uku a garin tsakanin tsakiyar Yuli da tsakiyar Agusta, ya zo da kayan sanyi ko da rana na haskawa, da maganin sauro, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa domin ya ga abin da ke wucewa a ƙasa. Kafin ya biya kuɗi kuma ya tambayi kamfanin mutum nawa yake ɗauka a kwale-kwale ɗaya, ko yana da makirufon ruwa, ko ana kashe inji idan an iso wurin dabbobin, da kuma ko akwai fitar da ba a haɗa ta da ziyarar sansanin ba.