Wata biyar a cibiyar kula da halayyar yara a Jidda: abin da na yaba da abin da ya rage

Ɗiyata Ummi shekararta huɗu, kuma a gida ba a daina jin muryarta daga asuba har a kwanta, amma tun ranar da muka sa ta a hadana, wato gidan renon yara, a nan kudancin Jidda, saboda ni da mahaifinta duk muna fita aiki daga Lahadi zuwa Alhamis, sai bakinta ya riƙa rufewa ruf da zarar ta taka ƙofar wurin. Wata uku cur ba ta ce wa kowa uffan ba. Ko fitsari ya matse ta ba ta neman izini, sai dai a tarar da ita tsaye a jikin bango tana murza bakin rigarta, tufafinta a jiƙe. Abla mai kula da ajinsu ce ta ja ni gefe ta ce lamarin ya wuce baƙunta.

Da na kai maganar gida, surukata ta ce, "Ke dai ki bar yarinya, kunya ce irin tamu, in kuma baki ne, ga tofi nan." Na ce, "Hajiya, a ci gaba da tofin, Allah Ya saka da alheri, amma ku yi mana izini mu ji ta bakin masana." Ba ta hana ba.

Na fara da ƙofofin da ba sa cin kuɗi. Layin 937 na Ma'aikatar Lafiya yana amsa kira dare da rana, akwai kuma 920033360 na cibiyar ƙasa mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ke da manhajar Qareboon. Shawarar waya tana kwantar da hankalin uwa, tana kuma nuna mata inda za ta dosa, sai dai yarinyar da ba ta magana a aji dole a gan ta ido da ido. Tallafin Qurrah da ke rage wa mata ma'aikata kuɗin hadana na 'yan ƙasa ne, mu baƙi masu igama, wato takardar izinin zama, ba ma ciki, saboda haka abin da muka dogara da shi shi ne inshorar lafiya da doka ta wajabta wa kamfanoni su yi wa ma'aikatansu da iyalansu. Wuri na farko da muka je, tun kafin a yi minti goma da yarinyar, aka miƙo mana takardar biyan zama goma sha biyu na koyar da furuci, alhali furucinta lafiya lau. Ba mu koma ba.

Cibiya ta biyu, wadda a kanta nake wannan rubutu, ƙarama ce, a hawa na biyu na wani gini, kuma ba ta da ƙyale-ƙyalen ta farko. Abin da ya fara jan hankalina shi ne likitar wurin, wadda muke kira Daktora, ba ta tilasta wa Ummi gaishe ta ba. Ta zauna a kan darduma tana jera tubalan wasa ita kaɗai, tana yi mini tambayoyi: an gwada jin yarinyar? Tana fahimtar Larabci, ko Hausa kawai take ji? Ina da bidiyonta tana surutu a gida? Ta bayyana mini cewa yaron da ya shiga wurin da ake wani harshe yakan yi shiru na ɗan lokaci yana sauraro, wannan ba ciwo ba ne, don haka sai an tabbatar ba rashin harshe ba ne kafin a sa wa abin suna. Sai da gwajin kunne ya fito lafiya, ta kuma ga bidiyon da Ummi ke cakuɗa Hausa da Larabci tana wasa da 'ya'yan maƙwabta, sannan ta ce abin da ake kira assamtul ikhtiyari ne da Larabci, ma'ana "shirun zaɓi", wato shirun da tsananin fargaba ke jawo wa yaro a wasu wurare. Ta nanata cewa sunan yana ruɗar iyaye, domin yarinyar ba zaɓa take yi ba, ba kuma taurin kai ba ne. Tsoro ne ke riƙe mata harshe, tsawa da lallashi mai yawa duk ƙara ɗaure shi suke yi.

Inda cibiyar ta fi burge ni shi ne yadda ta mayar da aikin hannunmu, ni da Abla, maimakon ta riƙe shi a ofis inda kowace awa kuɗi ce. Daktora ta je hadanar da ƙafarta sau ɗaya, ta tsara mana cewa bayan an tashi in zauna da Ummi a cikin ajin babu kowa, mu yi wasa da Hausa, Abla ta fara da wucewa ta bakin ƙofa, bayan kwanaki ta shigo tana share tebur, daga baya ta zauna kusa da mu. An koya wa Abla ta riƙa yin tambaya mai zaɓi biyu, ta jira daƙiƙa biyar ba tare da ta amsa wa yarinyar ba, kuma in magana ta fito kada a yi tafi ko guɗa. A mako na bakwai, Abla ta ɗaga tubala biyu ta ce ja ko shuɗi, sai Ummi ta dubi ƙasa ta ce "ahmar", wato ja, cikin raɗa. Abla ta miƙa mata kamar ba a yi komai ba, ni kuwa na juya fuskata ga taga don kada ta ga hawayena.

Ta fuskar kuɗi, zaman iyaye na haɗaka da ake yi da yammacin Asabar bai kai rabin kuɗin zaman mutum ɗaya ba, kuma da shi muka rage ganin Daktora zuwa sau biyu a wata. Ziyarar hadana kuwa daga aljihunmu ta fito, amma ita ce kuɗin da na fi ganin amfaninsa.

Akwai gyara. Babu ko mutum ɗaya mai jin Hausa a wurin, a birnin da Hausawa suka daɗe a cikinsa, kuma duk takardun da iyaye ke tafiya da su gida da Larabci ake ba da su. Wata baiwar Allah da muke zaman haɗaka tare, ni nake fassara mata a bakin matakala bayan an tashi. Yawancin lokutan ganin Daktora na safe ne, daidai lokacin aiki, kuma jiran amincewar inshora ya taɓa cinye mana mako biyu. Ga iyalin da igamarsu ta mutu ko ba su da inshora, farashin zaman mutum ɗaya yana da nauyi ƙwarai, ya kamata cibiyar ta yi musu rangwame bayyananne, ba sai sun roƙa ba.

Duk da haka na riga na tura iyaye biyu can. Ummi yanzu tana neman izinin banɗaki da bakinta, tana kuma magana da yara biyu a ajin, amma idan aka zauna da'ira ana karanta Fatiha tare, har yau leɓɓanta kawai ke motsi. A kan wannan muke aiki a watan nan.