Ajin wasan kwaikwayo na dogon hutu, mataki na biyu: koyarwar ta yi kyau, yawan ɗalibai ya rage mata armashi

Wata cibiyar koyar da fasaha a Zariya ce ke buɗe wannan aji a dogon hutu, don 'yan aji huɗu da aji biyar na sakandare waɗanda suka taɓa hawa dandamali, ko a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta ko a bikin yaye ɗalibai. Mako shida ne, sau uku a mako, daga ƙarfe 10 zuwa 12 na rana. Malami ɗaya, mataimakiya ɗaya, ɗalibai 24.

Ciwon ɗan wannan mataki daban yake da na ɗan koyo. Ɗan koyo tsoro ke damunsa. Wannan kuwa an taɓa yi masa tafi, ya ɗanɗana, yanzu 'yan kallo yake yi wa wasa, ya manta da wanda ke tsaye a gabansa. Zaro ido, riƙe baki, tafa hannu ana salati, tsoho mai rawar murya da dogara sanda, duk ya kwaso su daga finafinai da bidiyon waya. Malamin ya gane wannan ciwon, kuma kusan duk abin da yake yi a makonni huɗun farko maganinsa ne.

Minti 20 na farko na jiki da murya ne. A tsaya, hannu a kan ciki, a shaƙi iska ana ƙirga huɗu, a riƙe huɗu, a sake ta da sautin "sss" har ƙirga 12. Zuwa mako na uku ana kai wa 20. Wanda kafaɗarsa ta ɗaga ya yi kuskure, da ƙirji yake numfashi, kuma shi ne wanda zai yi ihu da maƙogwaro muryarsa ta dishe tun kafin ranar wasa. Daga nan sai karangiya, ta kwaɗo da ƙato da suka tafi neman ƙoto, a hankali tukuna, kafin a ƙara sauri. Malamin yana da kunnen Hausa, abin da ba kowane mai horarwa ke da shi ba. Yaro in ya ɗaga murya, karin sauti da tsawon wasali ne ke fara lalacewa: kukan jariri ya koma kukar miya, garin tuwo ya koma garin Kano. Yakan tsayar da ɗalibi a kan kalma ɗaya har sai wanda ke bayan aji ya bambance.

Atisayen da ya fi yin aiki shi ne na maimaici, wanda Sanford Meisner, malamin 'yan wasan kwaikwayo, ya shahara da shi a Amurka. Mutum biyu su zauna suna fuskantar juna, taku ɗaya tsakaninsu. Ɗaya ya faɗi abin da ya gani: "Ka ɗaure fuska." Ɗayan ya amsa: "Na ɗaure fuska." A yi ta maimaitawa, ba a canza magana sai wani abu ya canza da gaske a jikin abokin zama. Minti biyar kawai. A makon farko dariya ce ke cinye shi, kuma malamin ba ya tsawatarwa, sai ya ce a sa dariyar a ciki: "Kana dariya." "Ina dariya." Atisayen an gina shi ne a kan kallon ido cikin ido, mu kuwa muna da kunya, kuma 'yar da ta tsura wa mahaifinta ido a dandamali ƙarya take yi wa 'yan kallo. Saboda haka yana haɗa maza da maza, mata da mata, wani lokaci ya juya musu baya da baya, su saurari numfashi da sauyin murya. Wannan gyara na wanda ya san yaran da yake koyarwa ne.

Sai tambayoyin Stanislavski, masanin wasan kwaikwayo ɗan Rasha, waɗanda kowa ke amsawa da fensir a bayan takardarsa: wane ne ni, ina nake, me nake so daga wannan mutumin, me ya hana ni samu. Dokar ita ce amsar "me nake so" ta zama aiki. Ba a karɓar "ina baƙin ciki". Ana karɓar "ina so in sa ta fasa tafiya".

Ga yadda abin yake a aikace. Fitowa ce ta minti uku: ƙanwa ta zo wajen yayanta neman kuɗin rajistar NECO. Karon farko yarinyar ta shigo tana matsar hawaye tun daga ƙofa. Malamin ya tsayar da ita, ya miƙa mata faranti da wake.

"Zauna ki tsince wannan. Ke ba kuka kika zo yi ba, kuɗi kika zo karɓa."

"Malam, to in ya hana fa?"

"Sai ki canza dabara."

Ta zauna tana tsintar wake, ta fara da roƙo, "Yaya, don Allah", ba ta ko ɗago kai ba. Bai kula ta ba. Ta koma zolaya, ta koma gorin wankin da take yi masa, a ƙarshe ta ajiye farantin a hankali ta ce za ta gaya wa Baba. Ajiye farantin nan ya fi hawayen farko ƙarfi nesa ba kusa ba, ajin ya yi tsit. Kowane canjin dabara ana ja masa layi a takarda, kuma fitowa mai shafi biyu takan sami layi biyar zuwa takwas. Ɗalibin da takardarsa ba ta da layi ko ɗaya, da murya ɗaya zai yi wasan daga farko har ƙarshe.

Abu biyu kuma sun cancanci yabo. Yaranmu gwanayen hadda ne, amma haddarsu takan zo da karinta, in karin ya zauna ba ya fita. Don haka ana sa su haddace magana a miƙe, babu hawa babu sauka, a ajiye takarda ƙarshen mako na uku. Na biyu, malamin ba ya sa yara tono mutuwar uwa ko wani tabon gida don su yi kuka. Ɗan shekara 15 ba ya da inda zai ajiye abin da aka tono bayan an tashi, kuma Stanislavski kansa a ƙarshen rayuwarsa ya fi karkata ga aikin jiki. Akwai kuma zama ɗaya a mako na huɗu da ɗan kallo ke iya tsayar da wasa ya shiga madadin wani, salon Augusto Boal, masanin wasan kwaikwayo na Burazil, mai kusanci da wasan wayar da kai da Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana kaiwa ƙauyuka. Zama ɗaya ya yi kaɗan, amma yaran da suka yi tashe sun kama shi nan da nan.

Matsalar tana cikin lissafi. Ɗalibai 24, ƙungiya 12 ke nan ta mutum bibbiyu. A cire minti 20 na murya, 20 na atisaye, 10 na rufewa, saura minti 70. Kowace ƙungiya tana buƙatar kamar minti 15 in ana so a tsayar, a gyara, a sake. Wato huɗu ko biyar a zama, kowane yaro ya hau fili sau ɗaya a mako. Sauran lokacin yana zaune, kuma kowa ya san abin da ɗan sakandare ke yi in ya zauna da waya a aljihu. Ajin nan bai kamata ya wuce mutum 16 ba.

Zaɓen rubutu ma akwai gyara. An ɗauko fitowa daga Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, rubutu mai daɗin Hausa, amma mutanen ciki manya ne. Da zarar an ba yaro rawani da babbar riga, rawar muryar da aka yi mako uku ana kora sai ta dawo. Fitowar da aka rubuta a kan sa'o'insu ta fi fitar da su.

Tsayuwar dandamali an makara da ita. Sai mako na biyar aka zana fili da alli gida tara don kowa ya san inda zai tsaya, alhali tun farko yara suna jeruwa kamar a taron safe, suna ba 'yan kallo baya, dogo yana tare gajere. Ga shi ana horo a ƙaramin aji, wasan ƙarshe kuma a babban zaure, bita ɗaya tak aka yi a ciki, ita ma ba a kunna fanka da janareta ba. Muryar da ta cika aji ba ta wuce layi na shida a zaure. Makonni biyun ƙarshe kuma shirin wasan ƙarshen da za a yi wa iyaye ya haɗiye su: ɗinki, kwalliya, manyan matsayi ga waɗanda dama sun iya.

Wanda burinsa fim ya sani babu aikin kyamara a nan ko na rana ɗaya. Kafin a biya kuɗi a tambayi adadin da aka ɗauka, in ya haura 16 a nemi a raba ajin biyu. Yaro ya zo da fensir da magogi, da gorar ruwa, da kayan da zai iya zama a ƙasa da su. Mata su sa dogon wando a ciki da hijabin da bai rufe hannu ba, don malamin yana duba hannu sosai.