Mastas a NOUN: ga abin da na gani, ga wanda zan ba shawarar ya shiga

Mutane suna ta tambayata wai ya karatun mastas yake a NOUN, wato jami'ar karatu daga nesa ta Najeriya (National Open University of Nigeria), kuma shin ma ya dace mutum ya koma makaranta a wannan yanayin da ake ciki, to bari in amsa a dunƙule tunda ina ciki kuma na kusa kammalawa.

Ita dai NOUN jami'ar gwamnatin tarayya ce, ba wata ta bogi ba kamar yadda wasu ke zato, tun 1983 zamanin Shagari aka kafa ta, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sai Obasanjo ya farfaɗo da ita, yanzu hedikwatarta na Jabi a Abuja kuma tana da cibiyoyin karatu a jihohi. Fom ta intanet ake cikewa, sai ka kai takardunka cibiyar da ka zaɓa a tantance, kuma dole sai da satifiket ɗin bautar ƙasa ko takardar yafewa. Wanda ya fita da sakamako mai rauni ko mai HND yawanci sai ya bi ta PGD, wato difloma ta gaba da digiri, tukuna.

Abin da ya fi burge ni gaskiya shi ne ban ajiye aikina ba. Albashina na shigowa, yara na cin abinci, ni kuma bayan isha'i in buɗe littafin kwas a waya in yi ta karatu, littattafan ma kyauta ake sauke su a shafinsu. Akwai TMA, wato aikin gwaji na cikin semesta, da ake yi ta fotal mai maki 30, jarabawar ƙarshen semesta kuma 70, ita kam yawanci sai ka je da ƙafarka ka zauna. Kuɗi ma ba a dunƙule kake biya ba, kana zuba wa walat ɗinka ta Remita ana cirewa kwas-kwas, wanda ga ɗan albashi wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne wallahi. Sannan ku tuna 2022 da ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki, 'yan mastas na sauran jami'o'in gwamnati suna zaune a gida, su 'yan NOUN karatunsu bai tsaya ba.

Amma fa ka san irin tsarin da za ka shiga, karatu ne daga nesa, babu malamin da zai tsaya a kanka kullum yana cewa ka karanta, in kai mai jira sai an tura ka ne to za ka wayi gari jarabawa ta zo littafi ko buɗe shi ba ka yi ba. Ka ware kuɗin data, kuma ka samu abokan kwas ku haɗa gurup. Wanda kuma burinsa ya zama malamin jami'a a fannin da ke buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, ni dai a ganina gara ya nemi ABU ko BUK ya zauna kusa da sufabaiza da kayan aiki.

Wanda nake jin tsoro wa shi ne ƙanenmu da ya gama bautar ƙasa bai samu aiki ba, sai ya ce bari ya faɗa mastas kafin wani abu ya fito. Don Allah ƙanena ka tsaya ka yi lissafi, in kuɗin nan zai iya zama jarin sana'a ko kuɗin koyon wani aikin hannu to fara da shi, mastas ba za ta gudu ba. Amma ma'aikacin gwamnati, malamin makaranta, ma'aikacin banki, uwar gida mai yara da ba za ta iya zaman lakca kullum ba, wanda ya san takamaiman abin da takardar za ta ƙara masa, shi kam ina ba shi shawara ya shiga. Kafin ka biya ko sisi dai ka leƙa ofishin kula da ma'aikata na wurin aikinka ka tambaya ko kwas ɗin da ka zaɓa yana cikin waɗanda suke lissafawa wajen ƙarin girma, kuma ka karɓi izinin karatu a rubuce.