Direba mai neman bizar aiki a waje: Saudiyya, Kanada ko Turai, wanne zaka bi?

Duk wanda yake zama da direbobi a Kwangila ko Ɗan Magaji a Zariya ya san hirar da ake yi yanzu, kowa fita yake so, kuma kullum sai wani ya turo maka hoto a WhatsApp wai kamfani a Kanada yana neman direban tirela, biza kyauta gida kyauta, kawai ka tura kuɗin fom. Toh kafin ka saida Golf ɗinka ko filin da ka gada, bari mu auna ƙasashen nan ɗaya bayan ɗaya. Ni abu uku nake dubawa: wa zai biya kuɗin takardu, lasisinka zai yi aiki a can ko sai ka sake daga farko, sannan idan mai gida ya zalunce ka zaka iya canza wurin aiki ko a ɗaure kake.

Mu fara cire waɗanda ƙofarsu take a rufe don kar a ɓata lokaci. Ingila ba ta ba direban babbar mota bizar ƙwararrun ma'aikata, aikin baya cikin jerin da aka amince. A 2021 da suka shiga ƙarancin direbobi sun buɗe bizar wucin gadi ta mutum 5,000 ta 'yan watanni, ta wuce tuntuni, kuma daga Yulin 2025 sun ƙara tsaurara abin, yawancin aikin da ake ɗauko mutum daga waje sai mai matakin digiri. Amurka ma a Agustan 2025 sakataren harkokin wajensu Marco Rubio ya sanar da dakatar da bizar aiki ta direbobin manyan motoci. Saboda haka duk ejan ɗin da yace zai kai ka Landan tuƙin tirela, ka gaishe shi ka wuce abinka.

Ƙasashen Larabawa su ne mafi kusa da hannunmu, gaskiya kenan. A dama suke tuƙi kamar mu, ba a neman jarabawar Turanci, ga masallaci ko'ina, a Jidda da Makka kuwa Hausa ma zaka ji a kasuwa. Amma a nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami saboda basa tambayar wace irin biza ce aka yi musu. Akwai direban gida, wanda Larabawa suke kira sa'iƙ khas, akwai direban kamfani, kuma bambancinsu ba kaɗan bane. A Maris 2021 Saudiyya ta sassauta tsarin kafili, ma'aikacin kamfani zai iya komawa wani wurin bayan shekara ɗaya ba sai mai gida ya yarda ba, amma wannan sassaucin bai haɗa da ma'aikatan gida ba kuma direban gida yana cikinsu. Kaga kenan idan ka shiga da wannan bizar kai ne kai yara makaranta, kai ne kai uwargida kasuwa ƙarfe sha ɗayan dare, wani lokacin har wankin tsakar gida, babu obataim, in ka gaji ka fice kafili ya kai rahoton ka gudu shike nan igamarka, wato takardar izinin zamanka, ta lalace, sai ɓuya sai tarhil, wato a kama ka a dawo da kai gida. Direban kamfani kuwa kwantiraginsa yana kan manhajar Qiwa, zai gani da idonsa kafin ya amince, kuma dokar ƙwadagonsu tace kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igama da tikitin komawa gida duk a wuyan mai ɗaukar aiki suke. Bizar Umara kuma ba bizar aiki bace, duk wanda yace ka shiga da ita za'a gyara maka daga baya, zaman takari yake shirya maka.

Katar ta ɗan fi a wajen doka. Tun 2020 suka cire sharaɗin sai da izinin mai gida zaka canza aiki, kuma daga Maris 2021 mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 ne, da 500 na wurin kwana da 300 na abinci idan kamfani bai baka su ba. Kamfanin sufurin gwamnatinsu Mowasalat, masu bas da tasi na Karwa, yawancin direbobinsu baƙi ne. Kuɗin dai ba wani na a zo a gani bane, sai ka lissafa abin da zai rage bayan ka ci ka turo gida, ka haɗa da zafin da yake haura digiri 45 lokacin bazara. Kuma ko a can ɗin ma sai ka yi lasisinsu, ka tambaya tun daga nan wa zai biya makarantar tuƙin.

Kanada ita ce kowa yake mafarki, kuma ba laifi, don ita ce wadda in ka dace zaka iya samun zama na dindindin ka ɗauko iyali. Yadda abin yake tafiya, kamfani zai nemi takardar da ake kira LMIA daga gwamnati, ya nuna ya nemi ɗan ƙasa bai samu ba, kuɗinta dalar Kanada 1,000 kuma kamfanin ne zai biya, haramun ne a dokarsu a karɓa a hannun ma'aikaci. Amma saboda yadda 'yan damfara suka maida takardar haja suna saidawa, a Maris 2025 gwamnatin ta cire makin da ake ƙara wa mai tayin aiki a tsarin neman zama na dindindin na Express Entry gaba ɗaya. Sannan lasisinka na ajin G da ka yi a nan, ko shekara ashirin kayi kana jan tirela daga Apapa zuwa Mararrabar Jos, ba zai baka sitiyari a can ba. Sai ka yi nasu, Class 1 ko kuma Class A a Ontariyo, da horo na dole, awa 103.5 a Ontariyo, awa 121.5 a Manitoba da Saskachewan, waɗannan biyun sun kawo dokar ne bayan haɗarin Humboldt na 2018 inda tirela ta daki bas ɗin 'yan wasa mutum 16 suka mutu. Toh ka tambayi kanka, wane kamfani ne zai tsallake direbobin da suke can da lasisi a aljihu ya zo Zariya ya ɗauki wanda bai taɓa taka birki kan ƙanƙara ba? Yana faruwa amma da wuya, kuma in zama na dindindin kake so jarabawar Turanci ta IELTS tana jiranka.

Turai tana tsakiya. Kamfanonin Poland da Lituweniya da Romaniya suna ɗauko direbobi daga wajen Tarayyar Turai sosai, sai dai sun fi ɗauka daga Yukren da Belarus da ƙasashen Asiya ta tsakiya. Ana buƙatar lasisin tirela na ajin CE da shaidar ƙwarewa da suke kira Code 95, kuma a motar akwai na'urar da take rubuta awanninka, awa 9 a rana, hutun minti 45 bayan awa huɗu da rabi, babu zancen a sha goro a kwana ana tafiya irin namu. Rayuwar kuwa a kan mota take, makonni kana kwana kana girki a ciki. A 2023 direbobi 'yan Jojiya da Uzbekistan sun ajiye motoci na makonni a wurin hutawa na Gräfenhausen a Jamus saboda albashin da basu samu ba, saboda haka Turai ma ana cin gumin mutum.

Ni dai in ƙanena ne yake tambaya, zan ce masa in yana da Turanci mai kyau da shekaru ƙasa-ƙasa da haƙurin jira, ya nemi Kanada da kansa ta shafin Job Bank na gwamnatinsu ba ta hannun dillali ba. In kuma tuƙin ne kawai jarinsa, ya nemi kamfani a Katar ko Saudiyya, ya ƙi bizar direban gida ko da an ce gobe jirgi zai tashi.

Wani abin da muke rainawa kuma yana ƙofar gidanmu, sufuri ba sitiyari kaɗai bane. Bakaniken injin dizal da mai gyaran jirgin sama sun fi direba sauƙin samun mai ɗaukar nauyi, don aikinsu a sahun ƙwararru yake. Ga cibiyar koyon fasahar sufuri NITT nan a hanyar Basawa tun 1986, ga kwalejin jiragen sama NCAT a Palladan tun 1964, mutane daga Legas suke zuwa karatu mu muna wucewa a kan acaɓa.

Duk inda ka zaɓa, ejan ɗin ya nuna maka lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ka ga kwantiragi a rubuce da sunan kamfani da albashi da awannin aiki, ka ba wanda ya iya Larabci ko Turanci ya karanta maka layi-layi. Kar ka tura kuɗi asusun mutum, kar ka bar fasfonka a hannun kowa, in ka ga alamar safarar mutane ce ka kai ƙara hukumar yaƙi da safarar mutane NAPTIP. Sannan tun yanzu ka karɓi takardar shaidar aiki daga masu motocin da ka yi wa tuƙi, mai kwanan wata da lambar waya da irin motar da ka ja, don yawancin direbobinmu shekarunsu na aiki a baki kawai suke, ofishin jakadanci kuma takarda yake karɓa.