Garin Glutamin Don Gyaran Hanji: Makonni Takwas da Na Yi Ina Shan Sa

Zawon da ya kwantar da ni a daminar bara ya wuce, amma cikina bai koma daidai ba har tsawon watanni, shi ya sa likita ya ba ni shawarar in gwada garin glutamin, giram 5 sau uku a rana. Farin gari ne mai laushi, kusan ba shi da ɗanɗano, kuma yana narkewa a ruwan sanyi idan an jujjuya shi sosai. Na duba lambar NAFDAC a jikin gwangwanin kafin in biya kuɗi, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne.

Abin da ya sa na yarda da shi shi ne yadda yake aiki. Glutamin shi ne amino asid (wato tubalin da ake gina furotin da shi) mafi yawa a cikin jinin ɗan Adam, kuma shi ne babban makamashin ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangon ƙaramin hanji, waɗanda jiki ke sabunta su cikin kwana 3 zuwa 5. Aikinsa bai tsaya ga ciyarwa ba, domin yana zaburar da wasu ƙwayoyin gado su ƙera furotin na kariya irin su HSP70, yana kuma taimaka wa furotin ɗin da ke ɗinke ƙwayoyin bangon hanji da juna, ta yadda guba da bakteriya ba za su sami kafar tsallakawa cikin jini ba. Wani gwaji da mujallar Gut ta buga a 2019 ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na masu irin matsalata sun sami sauƙi da wannan awo, alhali waɗanda aka ba garin da babu magani a cikinsa kashi 6 kacal ne suka ji canji. Ni ma daga mako na uku murɗar cikin ta ragu, zirga-zirga zuwa bayan gida ta yi sauƙi.

Inda ban gamsu ba shi ne rubutun da ke jikin gwangwanin, wanda ke nuna kamar garin shi kaɗai ya isa ya gyara kowane hanji. Ba haka abin yake ba. Yauƙin da ke lulluɓe bangon hanji yana buƙatar wani amino asid mai suna tireyonin, sannan bakteriyar hanji masu amfani suna sarrafa wani amino asid ɗin, tiriftofan, zuwa sinadaran da ke tayar da garkuwar wurin, kuma babu ko ɗaya daga cikin biyun a wannan gari. A wake, ƙwai, kifi, nono da awara ake samun su.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin gargaɗi. Wani babban gwaji da aka buga a 2013 ya gano cewa mace-mace sun ƙaru a tsakanin majiyyatan da sassan jikinsu da dama suka gaza aiki bayan an ba su glutamin mai yawa. Haka kuma, ko da yake hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da Endari, wanda shi ma glutamin ne, don masu ciwon sikila a 2017, awonsa ya danganta da nauyin majiyyaci, saboda haka iyaye kada su ɗauki gwangwanin kanti a madadinsa ba tare da izinin likita ba.